Shekarar da Jega Ta Daina Cin Ƙwaƙwalwa

Kan sa guda, irin mai buɗaɗɗen ƙaho da Fulanin Sarandosa ke kawowa, yakan ci mini awa biyu daga kwata zuwa faranti. Ku kuwa jiya da kunnena na ji ɗayanku yana cewa sana'ar kai da ƙafa ba ta wuce gatari da ƙarfin tuwo ba. Madalla da wannan ilimi! Ga gatarin nan a jingine, wanda ya ji ƙarfi na damunsa ya zo ya ɗauka. Amma kafin nan ku gyara zama. Ni ne Audu Mai Kai, na haura shekara arba'in a wannan rumfa ta kasuwar Jega, kuma ban taɓa ganin mai gaggawa ya fitar da ƙwaƙwalwa lafiya ba.

Babbaka ita ce farkon aiki, kuma a nan ake gane mahauci da ɗan kama-wuri-zauna. Da itace ake yi, wuta mai harshe, kana juya kan kana kankarewa da bayan wuƙa. Na san wasunku sun ga masu ƙona tsohuwar taya, don tana saurin cinye gashi. To, duk wanda ya shigo mini da taya rumfa, da ita zan raka shi bakin titi. Warinta yana shiga fata, mace ta dafa farfesu tun hantsi, maigida ya kai loma ya ji kamar yana tauna tashar mota. Idan wuta ta yi yawa fata ta tsage, idan ta yi kaɗan gashi ya rage a kunne da gindin ƙaho. Bayan nan sai wanki da soso, ruwa uku, sai ka ga kan ya yi ja ya fito fes.

Kayan aikina ba su da yawa. Gatari biyu, babba na ƙaho da muƙamuƙi, ƙarami na ƙoƙon kai. Barho na raba kumatu da harshe. Sai wata 'yar wuƙa da wasi ya cinye har ta koma kamar tsinke, ita ce ta ƙwaƙwalwa, kuma ko ɗan cikina bai isa ya yanka igiya da ita ba. Sai kututturen kirya da na gada wurin kawuna. Maƙerin da ya ƙera mini ƙaramin gatarin sai da na mayar masa sau huɗu, har ya ce in je in ƙera da kaina tunda na fi shi sani.

Kan farko da na fasa na tunkiya ne, bayan na yi shekara uku a hannun Kawu Nomau, yayan mahaifiyata, ban taɓa komai ba sai ƙafafu da hayaƙi. Ranar sai ya miƙo mini ƙaramin gatari. Na ɗaga na sauke a tsakiya da iya ƙarfina. Ƙwaƙwalwa ta fantsama har kan gemun wani dattijo da ya zo sayen harshe. Kawu bai dake ni ba, da ma dukan ya yi da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi in kwashe abin da ya rage a ganye, in kai wa matar da ta yi odar, in yi mata bayani da bakina. Matar nan ta tara maƙwabta kafin ta bar ni na fara magana.

Daga nan ya koya mini. Ba a saran kai a tsakiya. Sara uku ne, a zagaye, kowanne ya ratsa ƙashi ya tsaya, sannan ka sa yatsa ka ɗaga murfi. Yana da gwajinsa: ya cika ƙwarya da ruwa, ka tsoma ƙwaƙwalwar da ka fitar. Idan ruwa ya yi fari, ka ji mata ciwo. Idan ya zauna garau, ka iya. Wata bakwai ruwana yana komawa kamar kunun kanwa.

A cikin kai akwai abin da ba ku sani ba, don ku a miya kawai kuke ganinsa. Ƙwaƙwalwa ba tsirara take ba. Akwai tantani mai tauri manne da ƙashi, sai ka ja da ƙarfi yake sakin jiki. Ƙarƙashinsa akwai wani siriri lulluɓe da ita, kamar farin bawon nan da ke tsakanin ɓarin albasa. Na sha ganin abin mamaki a wurin. Tunkiyar da ke zagaya wuri ɗaya kafin a yanka ta, idan ka buɗe kanta sai ka tarar da jakar ruwa ta danne gefe guda. Na ga tsutsa a gindin ƙaho, na ga gudan jini a kan san da ya sha karo. Amma kitse, duk ƙibar dabba, ban taɓa samunsa a can ciki ba. Sa ya yi taiɓa ya yi tozo, cikin ƙoƙon kansa babu ko ɗigo.

Masu saye iri-iri ne. Akwai masu tuwo-tuwo da ke ɗaukar kai biyar su roƙi gyaran kunne. Akwai mai jego da ake yi wa farfesun ƙafa. Akwai mai zuwa ya latsa ido, ya ɗaga harshe, ya shinshina hanci, sannan ya ce shi da ma wucewa yake yi. Sai kuma Malam Garba Na-Sabiyal, manomin albasa, sa'ana, wanda saboda shi na tara ku. Shekara ashirin, duk ranar kasuwa, idan ya sallami buhunansa sai ya zo ya zauna a bencina. In fitar masa da ƙwaƙwalwar rago, mai tuwon da ke bayana ta soya masa da attarugu da albasar da ya zo da ita a aljihu, don ya ce ta Jega ba ta da yaji. Barunje yake kirana, wato mahauci, ni kuma ina ce masa Mai Wari. Mutum ne mai ido. Daga nesa zai hango buhu ya ce akwai ruɓaɓɓiya a ƙasa, a zazzage a same ta.

Wata shekara, wajen dashen albasa, ya fara kukan ciwon kai. An yi ƙaho, an sha jiƙo, an haɗiyi ƙwayoyin kemis. Rannan ya faɗi a fadama yana makyarkyata. Aka kai shi Birnin Kebbi, daga can aka tura shi babban asibiti a Sakkwato, aka sa kansa a na'ura aka ɗauki hoto. Likita ya ce ƙari ne ya fito a jikin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, girmansa ya kai lemun tsami, kuma hoton ya nuna akwai kitse a cikinsa. Ya ce bai yi kama da mugun irin nan mai yaɗuwa ba, amma yana danne abin da ke ƙarƙashinsa. Idan ba a buɗe an cire ba, idanu za su soma tafiya, kuma idon da ya tafi ba ya dawowa.

Garba ya ce ya ji, zai je gida ya yi shawara. A motar dawowa, cike da 'yan kasuwa, wani ya tambaye shi me aka gani. Shi kuma bakinsa ba ya zama shiru. Ya ce, “Kitse na anka gani. Yo shekara ashirin ina cin ƙwaƙwalwar Barunje da mai, ina kuke so ta tahi?” Wasa ya yi, kowa ya yi dariya. Amma kafin motar nan ta iso Jega, maganar ta tashi daga wasa ta zama fatawa.

Kan farko da ya kwana mini a wannan makon na bijimi ne, mai kyau, na gyara shi har ina sha'awarsa. Babu wanda ya taya. Aka ce ƙwaƙwalwa idan ka ci ba ta bin hanyar sauran abinci, kai take hawa ta tarar da 'yar'uwarta. Wata mai tuwo ta ce ita tun tuni ta lura masu cin kai suna da mantuwa. Wani direba ya rantse ya ji nasa kitsen yana motsi idan ya shiga gargada. A Maiyama aka ce mutum uku ne, a Dangamaji aka ce bakwai, har da wanda wai man ya fito masa ta kunne. Daga ƙwaƙwalwa abin ya shafi harshe, ya shafi kumatu, har ƙafa, wadda ko a jikin dabbar ba ta san hanyar kai ba. Na koma ɗaukar kai biyu a rana maimakon goma sha, biyun ma a gidana ake cinyewa. 'Ya'yana suka ci kai har ƙaramar ta tambayi uwarta ko rago ba shi da sauran jiki.

Na ji haushi, ba zan ɓoye muku ba. Na ce mutumin da na zaɓa wa mafi kyau shekara ashirin shi ne zai kashe mini kasuwa da baki? Na rantse ba zan taka garinsu Sabiyal ba sai ya zo tsakiyar kasuwa ya janye maganarsa. Ko dubiya ban je ba.

Labarinsa dai yana iso ni, don kasuwa ba ta ɓoye komai. Garba ya yi nasa lissafin: tunda kitse ne, ai kitse narkewa yake yi, me ya kawo wuƙa? Ya bar man shanu, ya bar nama, ya bar nono. Ya kama shan tsamiya da lemun tsami har haƙoransa suka mutu. Ya sa wanzami yana yi masa ƙwal-kwabo duk kwana uku don rana ta samu hanya. Da bazara ta shigo, sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida tun hantsi, ya cire hula, ya zauna yana jiran narkewa. Gumi na zuba, yana lakatowa da yatsa yana dubawa ko da maiƙo. An kai shi wurin wani mai ɗori a Aliero, dattijon ya shafa kan ya ce babu ƙashin da ya goce, wannan ba aikinsa ba ne, a koma wurin likita. Garba ya ce tsufa ya kama shi. Ni kuwa ina jin duk wannan ina cewa Allah ya ƙara, ya narke gaba ɗaya.

Wata ranar kasuwa ina kankare ƙafa, sai ga mace ta tsaya a kaina ba ta taya komai ba. Na ɗaga ido, Hajara ce, matar Garba. Ban taɓa ganinta a kasuwa ba sai ranar. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

Ta ce, “Malam Audu, jiya abokinka ya yi ma buhun albasa sallama. Ya tsaya yana jiran shi amsa.”

Dariya ta taso mini, na dubi fuskarta, dariyar ta koma.

Ta ce, “Ƙannenai sun yi magana, liman ya yi, ɗiyanai sun yi kuka. Yac ce duk cikinmu babu wanda yat taɓa ganin cikin kai, mu bar koya mai. To kai ka gani. Kana nan kana hushi da ƙahwar akuya a hannu, shi ko idanu na tahiya.”

Na ce ai shi ya ɓata mini suna.

Ta ce, “Sunanka na iya jira.” Ta juya ta tafi.

Washegari da sassafe na je kwata na zaɓi kan rago biyu, na yanki kitsen ƙoda dunƙule biyu, kowanne kamar lemun tsami. Na zuba su a kula da ƙanƙara, na ɗaure a bayan babur tare da ƙaramin gatari da 'yar wuƙata, na kama hanyar Sabiyal. Na tarar da shi a tsakar gida, ya riga ya fito, kai yana ƙyalli. Wallahi da a hanya na gamu da shi da na wuce. Mutumin da ke cika benci ya koma kamar sandar rake. Na yi sallama, ya juyo da fuska yana lalube da ido, sai da na ƙara magana ya gane ni.

Ya ce, “Barunje? Warin hayaƙi ya riga ka shigowa.”

Na ce, “Mai Wari, an ce kana soya kanka, na zaka in ga ko ka nuna.”

Ban tsaya dogon zance ba. Na aza kai na farko a turmi, sara uku, na ɗaga murfi. Na kama hannun Garba na aza a kan tantanin mai tauri, na ce ya shafa. Na tsaga shi kaɗan, na cusa dunƙulen kitse ɗaya a ƙarƙashi, na mayar da murfi, na ɗaure da igiya. Na ajiye kan a tabarma kusa da gwiwarsa. Na ce, “Ga abokin jinya na kawo maka. Ciwonku guda. Ku zamna tare har la'asar, mu ga wanda nashi za ya hwara narkewa.”

Ni na koma gindin darbejiya, Hajara ta kawo mini fura. Kafin azahar gidan ya cika da maƙwabta. Ga Garba zaune a rana, ga kan rago kusa da shi ya zaro harshe, su biyu suna kallon gabas. Wata tsohuwa ta shigo ta gaida Garba da jiki, ta juya ta gaida ragon ma. Ƙudaje suka yi taro. Garba yana kora yana zagina, ina amsawa daga inuwa.

Da aka yi la'asar na kwance igiya na ɗaga murfi. Wari ya bugo, mutane suka ja baya. Ƙwaƙwalwa ta saki ta fara lalacewa. Kitse kuwa yana nan inda na sa shi, ya ɗan yi laushi a baki-baki, shi ke nan. Garba bai iya gani sosai ba, sai ya sa yatsa ya taɓa, ya daɗe yana latsawa.

Na ce, “Shekara arba'in ina dahwa kai. Kitsen da ke cikin ƙashi ba ya narkewa sai tukunya ta tafasa. Kahin naka shi narke, kai ka zama hwarhesu.”

Garba ya janye yatsa ya goge a tabarma. Na fito da kai na biyu daga ƙanƙara, na buɗe, na cusa ɗaya dunƙulen kamar na farko. Na ce a kawo ƙwarya da ruwa. Na ɗauki 'yar wuƙata na bi gefen kitsen a hankali, ina ɗagawa ina raba shi da siririn tantanin, har ya fito ɗungurungum. Sannan na fitar da ƙwaƙwalwar na tsoma a ƙwarya. Na ce Hajara ta faɗa masa abin da ta gani. Ta leƙa ta ce ruwa garau, har tana ganin gindin ƙwarya.

Na ce, “Ka gani? Abin bisa yake, ba ciki ba. Mai hannu na ɗebe shi bai taɓa ta ba.”

Garba ya ce, “Aikinka ya yi kyau, Barunje. Saura ka maida murhin ka ce ma ragon shi tashi.”

Gida ya ɗauki dariya, har da ni, don gaskiya ya faɗa. Da aka lafa sai ya sassauta murya. Ya ce shi ba wuƙa yake tsoro ba, hannu yake tsoro. Likitan nan yaro ne, bai kai ɗansa na fari ba, gemunsa ma bai haɗe ba. Shi bai san yadda ake gane mai iya fasa kai ba. Amma idan ni na je na duba shi na ce ya iya, to zai kwanta.

Haka na rufe rumfa na bi su Sakkwato, da babbar rigata ta Idi. Muka yi layi tun safe, wajen azahar aka kira mu. Likitan kuwa yaro ne kamar yadda aka ce, siriri, da tabarau. Ya duba idanun Garba da 'yar fitila, ya daɗe a kan na hagu, ya ce a sake hoto. Sannan ya tambaya ni wane ne. Garba ya ce, “Abokin aikinka na, daga Jega.” Likita ya miƙe ya ba ni hannu biyu, ya tambayi asibitin da nake. Na ce rumfa ta uku daga kwata.

Ya yi dariya har ya cire tabarau, amma bai kore ni ba. Na ce ina da tambayoyi, ya ce bismilla.

Na ce, “Sara nawa kake yi?”

Ya ce, “Baba, ba ma sara. Ɗan inji ne yake huda ƙashi, wani ya zagaya ya yanka, mu ɗaga.”

“A tsakiya ko a zagaye?”

“A zagaye, daidai inda ƙarin yake.”

Na dubi Garba na gyaɗa kai, na manta ba ya gani sosai. Na ce, “Murhin fa?”

Ya ce, “Mayarwa muke yi mu ɗaure, ƙashi ya haɗe da kansa.”

Na tambaye shi shekara nawa ya yi yana kallo kafin a ba shi wuƙa. Da ya lissafa mini, sai na ga Kawu Nomau ashe mai sauƙin hali ne. Na ce ya miƙo hannuwa. Ya miƙo, na juya su, na duba farce, na ce ya tsayar da su a iska. Ba su motsa ba. Sai na yi masa tambayar da ita ce ta kawo ni. Na ce, “Ka taɓa ɓatawa?”

Ya daina murmushi. Ya ce, “Na taɓa, Baba. Akwai waɗanda na yi iya yina ba su tashi yadda nake so ba. Ba zan ce muku babu haɗari ba. Amma barinsa ya fi haɗari.”

Na ce wa Garba, “Kwanta. Da yac ce bai taɓa ba, da yanzu muna tasha.”

Sai likitan ya ƙara wata magana da ta kusa rushe mini aiki. Ya ce irin wannan ƙari na tantani ya cire da yawa, amma mai kitse a ciki ba kasafai ake samunsa ba, shi kansa a littafi ya san shi, wannan ne na farko da zai gani da ido. Garba ya fara laluben takalmansa. Na danne masa kafaɗa na ce ni ma shekara arba'in ban gani ba, kuma jiya-jiya a gabansa na cire. Daga nan na yi tawa tambayar, na ce ko cin ƙwaƙwalwa ke kawo shi. Likita ya ce sam, babu ruwan abinci, naman ƙarin ne da kansa yake rikiɗa ya tara kitse, ko mutum bai taɓa ɗanɗana nama ba yana iya samunsa. Na ce ya rubuta mini a takarda ya buga hatimi in liƙa a rumfa. Ya ce shi takardar marasa lafiya yake rubutawa. Na ce to idan an ciro a ba ni in kai Jega mutane su gani. Ya ce ɗakin gwaji za a kai. Kun ji, ko gyara ba sa bayarwa.

Bayan kwana tara aka shiga da Garba ɗakin tiyata, da hantsi. Ni da Hajara da ƙannensa muna zaune a baranda. Ni da nake gama kan sa a awa biyu, na ga azahar ta wuce, la'asar ta wuce, na fara cewa yaron nan wasa yake yi. Can likitan ya fito, hula a kai, ya ce an cire duka, ya rabu da ƙwaƙwalwa salin-alin, Garba ya farka har ya faɗi sunansa da na garinsu. Hajara ta durƙushe a wurin tana hamdala. Ni kuma na tambaya ko sun tsoma a ruwa sun gani, aka ce in je in zauna.

Da likitan zai wuce sai ya ja ni gefe. Ya ce gwaji zai tabbatar, amma yana sa ran ƙarin ba zai dawo ba. Idon dama zai washe. Na hagu kuwa jijiyarsa ta riga ta mutu, dannewar ta yi tsawo. Ya ce, “Da a watan da na fara ganinsa aka yi, da duka biyun sun tsira.” Na ƙirga da yatsa daga dashen albasa zuwa ranar da na ɗaure kula a babur. Wata biyar ne.

Sai da damina ta yi nisa Garba ya dawo kasuwa. Bai zo rumfata kai tsaye ba. Layi-layi ya bi, daga 'yan albasa zuwa 'yan tuwo zuwa tasha, yana cire hula yana nuna tabon ɗinki, yana cewa shi ya faɗi maganar kuma ƙarya ce, likita ya ce ba ruwan Barunje. Direban nan mai jin motsin kitse shi ya fara zuwa ya sayi harshe. Kafin azahar kai huɗun da na ɗauko sun ƙare, na tsaya ina cizon yatsa ban ɗauko goma ba.

Sannan ya zo ya zauna a benci. Ya yi ƙiba, bakin nan ya dawo. Na zauna kusa da shi, na ce masa na ji abin da likita ya faɗa game da idon, kuma da na zo da wuri da ba haka ba. Kunya ta ishe ni, ban taɓa jin irinta ba ko ranar da na kai wa matar nan ƙwaƙwalwa a ganye.

Ya ce, “Ni na shanya kaina a rana, ba kai ba.” Sai ya ƙara da cewa, “Amma kullum in na ji babur ya tsaya ƙohwar gida, sai in ce ga Barunje nan ya zaka shi zage ni. Kowa lallashi yakai, kowa kuka. Ni ko wanda za ya ce man wawa nike jira.”

Yana maganar yana kallon gabansa, yana miƙa hannu wajen da yake zaton nake. Sai a lokacin na lura a hagunsa na zauna. Na tashi na zagaya ta bayan benci, na koma damansa, inda zai gan ni.